Ƙurar Dutse da Huhun Ma'aikaci: Darasi Daga Ramukan Zinariya na Afirka ta Kudu

Gabatarwa

Daga cikin cututtukan da ɗan Adam yake samu ta dalilin sana'arsa, kaɗan ne suka kai cutar ƙurar dutse daɗewa a duniya. Likitoci suna kiranta silikosis, sunan da wani likita ɗan Italiya mai suna Visconti ya laƙaba mata a shekarar 1870, ya samo shi daga kalmar Latin mai ma'anar ƙanƙarar dutse. Amma tun kafin ta sami suna an san ta. A shekarar 1556 aka buga littafin Agricola, masanin ma'adinai na ƙasar Jamus, inda ya ba da labarin matan wasu duwatsu na Turai waɗanda akan sami ɗaya ta auri maza bakwai bi da bi, kowanne ciwon ƙirji ya kashe shi bayan ya yi aikin rami. A shekarar 1700 kuma Ramazzini, wanda ake ɗauka shi ne uban ilmin lafiyar ma'aikata, ya bayyana irin tarin da ke kama masu sassaƙar dutse.

Abu biyu ne suka keɓanta wannan cuta. Na farko, idan ta kama mutum ba ta da magani. Na biyu, an daɗe da sanin hanyar hana ta, kuma hanyar ba ta da wuyar fahimta. Tambayar da ta kamata mai nazari ya yi ita ce: me ya sa cutar da aka san sababinta da rigakafinta fiye da shekara ɗari take kashe mutane har yau? Amsar tana cikin ɗabi'ar cutar kanta, watau jinkirin da take yi kafin ta bayyana. Tsakanin ranar da ma'aikaci ya shaƙi ƙura da ranar da numfashinsa zai fara sarƙewa akwai shekaru masu yawa, kuma a cikin waɗannan shekaru ne alhaki yake ɓacewa. Babu inda wannan al'amari ya fito fili kamar ramukan zinariya na Afirka ta Kudu, don haka a kansu ne yawancin wannan bayani zai tsaya.

Silika da yadda take shiga huhu

Silika sinadari ne da ya cika ɓawon ƙasa. Ita ce asalin yashi da dutsen ƙanƙara, kuma akwai ta da yawa cikin dutsen da ake fasawa a yi tsakuwar gini, da dutsen niƙa, da laka, da kankare. Muddin tana dunƙule ba ta cutar da kowa. Haɗarin yana tasowa ne sa'ad da aka huda dutse, ko aka fasa shi da nakiya, ko aka yanka shi, ko aka niƙa shi, har ya zama gari mai laushin da ido ba ya iya gani.

Allah ya tanadar wa hanyar numfashi masu tsaro. Gashin hanci da majina suna tare manyan ƙwayoyin ƙura, sa'an nan waɗansu 'yan gasu ƙanana da ke jikin maƙogwaro da bututun huhu suna turo abin da ya wuce zuwa sama, a kakaro shi a tofar ko a haɗiye. Ƙurar da take tsere wa wannan tsaro ita ce wadda girmanta bai kai maikuron 10 ba, musamman wadda ke ƙasa da maikuron 5. Shi maikuron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita, kuma kaurin silin gashin kai yana kai wa kamar maikuron 70. Ke nan ƙurar da mutum yake gani tana tashi har ya kau da kai ba ita ce mai kisa ba. Mai kisan ita ce wadda ke rataye a iska sa'o'i da yawa bayan an ɗauka wuri ya washe.

A can ƙarshen bututun huhu akwai 'yan jakunkunan iska, kimanin miliyan 300 ko fiye, inda iskar da aka shaƙa take ratsawa ta shiga jini. Cikin jakunkunan nan akwai waɗansu ƙwayoyin halitta masu aikin shara, waɗanda ke haɗiye duk wani baƙon abu su narkar da shi. Idan suka haɗiye ƙwayar cuta sukan ci nasara. Idan kuwa ƙwayar silika ce, ba ta narkewa, sai ta yi wa mai sharar rauni daga ciki har ya mutu ya fashe. Fashewar tana sakin sinadaran kumburi, tana kuma sakin ƙwayar silikar, wani mai sharar ya sake haɗiye ta, shi ma ya mutu. Haka abin zai yi ta juyawa, jiki kuwa yana ta kewaye wurin da tabo, irin tabon da ke rufe gyambo. Da haka ƙananan ƙulalai masu tauri suke cika saman huhu, kuma naman da aka halitta mai laushi da miƙewa ya koma kamar busasshiyar fata. Wannan ne dalilin da ya sa cutar take iya ci gaba ko da mutum ya bar aikin ƙura shekaru da yawa.

Ire-iren cutar da alamunta

Likitoci sun kasa cutar kashi uku bisa ga yawan ƙurar da aka shaƙa da tsawon lokacin. Wadda aka fi gani ita ce mai tafiyar hawainiya, wadda ke bayyana bayan shekara 10 ko fiye, wani lokaci har 20 ko 30. Akwai mai hanzari, wadda ke fitowa tsakanin shekara 5 da 10 ga wanda ya yi aiki cikin ƙura mai kauri. Akwai kuma mai tsanani, wadda ke iya kama mutum cikin 'yan watanni ko 'yan shekaru kaɗan, inda jakunkunan iska suke cika da wani ruwa mai kauri, kuma galibi ajali ne ƙarshenta.

Da fari mutum ba ya jin kome. Daga baya sai ya lura yana haki idan ya hau tudu ko ya ɗauki kaya, sai busasshen tari, da kasala, da rama. Idan ƙulalan suka haɗe suka zama manyan dunƙule, tafiya daga ɗaki zuwa ƙofar gida ma takan gagara, zuciya kuma ta gaji da tura jini cikin huhun da ya ƙandare. Ana gane cutar ne ta hoton ƙirji da gwajin ƙarfin numfashi, tare da tambayar da sau da yawa akan manta a yi wa majiyyaci a asibiti, watau wane aiki ya taɓa yi, kuma shekara nawa ya yi a ciki.

Babbar abokiyar tafiyar wannan cuta ita ce tarin fuka. Tun da yake masu sharar huhu su ne sahun farko wajen yaƙi da ƙwayar tarin fuka, raunana su yana buɗe mata ƙofa. Mai silikosis ya fi wanda ba shi da ita haɗarin kamuwa da tarin fuka kamar sau uku, kuma idan cutar ƙanjamau ta haɗu da su haɗarin ruɓanya yake yi. Cututtukan biyu suna kama da juna a hoton ƙirji, saboda haka akan yi wa mutum maganin tarin fuka wata da watanni ba a gane akwai tabon ƙura a ƙarƙashi ba. Bugu da ƙari, a shekarar 1997 hukumar binciken sankara ta duniya, wadda ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya, ta sa ƙurar silika ta wuraren aiki cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna jawo sankarar huhu. Tana kuma da hannu a ciwon ƙoda da wasu cututtukan gaɓoɓi.

Zinariyar Witwatersrand

A shekarar 1886 aka gano zinariya a tsaunukan Witwatersrand, wurin da birnin Johannesburg ya tsiro. Zinariyar wannan yanki ba irin wadda ake tacewa daga yashin rafi ba ce. Tana warwatse ne ƙwaya-ƙwaya cikin dutse mai tauri wanda galibinsa ƙanƙara ce, kuma jijiyar dutsen ta nutse can cikin ƙasa, har waɗansu ramukan daga baya suka zarce zurfin kilomita uku. Domin a sami 'yan giram kaɗan na zinariya sai an fasa tan guda na dutse, an fito da shi, an niƙe shi.

Cikin shekarun 1890 aka yawaita amfani da injin huda dutse mai aiki da matsattsiyar iska. Injin ya ninka saurin aiki, ya kuma ninka ƙura, domin a bushe ake huda dutsen, cikin lungunan da iska ba ta ratsawa, sa'an nan a tayar da nakiya a koma wurin tun ƙura ba ta kwanta ba. Waɗanda suka fara riƙe waɗannan injuna Turawa ne ƙwararru, da yawansu daga yankin Cornwall na Ingila. Sun zo neman albashi mai tsoka, kuma sun samu, amma da yawa ba su kai shekara 40 a duniya ba. Wasu sun mutu a Johannesburg, wasu sun koma garuruwansu irin su Redruth da Camborne suka ƙarasa a can. Lokacin da aka sake buɗe ramukan bayan yaƙin Ingilishi da Bowa na 1899 zuwa 1902, sai aka tarar masu huda dutse da yawa sun riga mu gidan gaskiya cikin ɗan wannan tsakani. Wannan ya sa aka naɗa hukumar bincike a shekarar 1902, a Ingila kuma masanin numfashi John Scott Haldane da abokan aikinsa suka fitar da rahoto kan mahaƙan Cornwall a shekarar 1904. Dukan binciken biyu sun tsaya a kan ƙurar dutse.

Turawan nan suna da ƙuri'a, suna da ƙungiya, suna da jaridu. Kukansu ya kai majalisa, har Afirka ta Kudu ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta kafa dokar biyan diyya saboda wannan cuta, da dokokin 1911 da 1912. A shekarar 1916 aka kafa ofishin likitoci na musamman domin duba mahaƙa, aka kuma sa tarin fuka cikin cututtukan da ake biya wa diyya. A wannan shekara ce babban injiniyan ma'adinai na gwamnati, Robert Kotze, ya ƙirƙiro wata 'yar na'ura ta ƙidaya ƙwayoyin ƙura a iska. Aka wajabta huda dutse da ruwa, da yayyafa ruwa bayan tashin nakiya, da jinkirta tayar da nakiya sai ƙarshen aikin yini, da kafa manyan fankoki masu tura iska cikin rami. Ƙura ta ragu ƙwarai, mutuwar gaggawa ta ja baya. Sunan ƙasar ya ɗaukaka a wannan fanni har Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta kira babban taronta na farko kan silikosis a Johannesburg cikin watan Agusta na 1930.

Waɗanda lissafi ya tsallake

Sai dai a bayan wannan suna akwai wani labari dabam. Cikin kowane ma'aikata goma na ramukan, kimanin tara baƙar fata ne. Ba mazauna birni ba ne. 'Yan ci-rani ne da hukumomin ɗaukar lebura na kamfanonin, waɗanda mafi shahara a cikinsu ita ce wadda ake kira Wenela, suke kwasowa daga Mozambik, da Lesotho, da Malawi, da Botswana, da Swaziland, da yankunan karkara na Afirka ta Kudu kamar Transkei. Mutum yakan sa hannu a kwantiragin watanni, a ajiye shi a barikin maza zalla, idan wa'adi ya cika a mai da shi gida, in ya so ya sake dawowa.

Doka ba ta hana baƙin ma'aikaci diyya ba, amma abin da ta yanka masa ɗan kaɗan ne idan aka gwada da na Bature, kuma sau ɗaya ake biya. Bature ana duba ƙirjinsa a kai a kai, har bayan ya bar aiki, yana da asibitin jinya da fansho. Baƙi kuwa da zarar ya hau jirgin komawa gida ya fita daga littafi. Tun da cutar tana ɗaukar shekaru kafin ta bayyana, a ƙauye take cim masa, inda babu na'urar hoton ƙirji, babu likitan da ya san tarihin aikinsa, babu kuma wanda zai cike masa takarda. Wanda aka gano yana da tarin fuka tun yana bakin aiki, sau da yawa sallamarsa ake yi ya tafi da ita gida ya raba wa iyalinsa. Ta haka alƙaluman ramukan suka riƙa nuna cutar ta yi sauƙi, alhali kuwa wurin zama kawai ta sauya. Jinyar da ya kamata ta hau kan kamfani sai ta hau kan matan aure da gwamnatocin ƙasashe matalauta na maƙwabta. Hausawa suna cewa kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Masu ramukan sun daɗe suna kafa hujja da cewa gajeren kwantiragi yana kare baƙin ma'aikaci, domin ba ya daɗewa cikin ƙura. Ko da akwai ƙamshin gaskiya a wannan magana da fari, ta rushe daga tsakiyar shekarun 1970. A shekarar 1974 Malawi ta janye mutanenta bayan haɗarin jirgin saman da ya kashe ma'aikatanta da dama, a 1975 kuma Mozambik ta sami 'yancin kai, sai kamfanoni suka koma riƙe ma'aikatansu shekara da shekaru. A tsakiyar shekarun 1980 masu aiki a ramukan zinariya sun kusa rabin miliyan, kuma da yawansu sun share shekara 15 ko 20 a ƙarƙashin ƙasa. Dokar diyya ta 1973 ta tanadi cewa idan tsohon mahaƙi ya mutu ana iya cire huhunsa da zuciyarsa a aika Johannesburg a bincika, in an ga cutar a biya magadansa. Amma wannan tanadi ya fi amfanar iyalan da ke kusa da manyan asibitoci, su ne kuwa Turawa.

Bayan faɗuwar mulkin wariya

Da mulkin wariyar launin fata ya kau a shekarar 1994, wata hukumar bincike a ƙarƙashin Mai Shari'a Leon ta duba lafiya da amincin ma'aikatan ramuka, ta fitar da rahoto a 1995. Daga cikin abin da ta gano har da cewa yawan ƙurar da ke cikin ramukan bai sauya ba cikin kimanin shekara 50. A daidai wannan lokaci masu bincike suka fara bin tsofaffin mahaƙa har garuruwansu. A Thamaga ta Botswana, da Libode ta lardin Gabashin Kef, binciken da aka buga a 1997 da 1998 ya nuna fiye da kashi ɗaya cikin biyar na mutanen da aka ɗauki hoton ƙirjinsu suna da tabon ƙura, kuma mafi yawansu ba a taɓa biyansu kome ba, ko kuwa ba a biya su cikakken haƙƙinsu ba. Wani binciken da aka buga a 2004, kan mahaƙan da suka manyanta amma suna bakin aiki, ya sami cutar a jikin kusan ɗaya cikin biyar.

Daga nan magana ta koma kotu. Thembekile Mankayi, wanda ya yi aikin rami daga 1979 zuwa 1995, ya karɓi diyyar Rand 16,320 a ƙarƙashin dokar 1973 bayan cutar ta nakasa shi. Ya kai ƙarar kamfanin AngloGold Ashanti yana neman fiye da Rand miliyan biyu, kamfanin kuwa ya ce doka ta hana ma'aikaci ƙarar ubangidansa a kan cutar aiki. Ranar 3 ga Maris 2011 Kotun Tsarin Mulki ta yanke cewa mahaƙi yana da ikon yin wannan ƙara. Mankayi bai ji hukuncin ba, domin ya rasu ƙasa da mako guda kafin a karanta shi.

Hukuncin ya buɗe hanya. A shekarar 2016 babbar kotun Johannesburg ta amince a haɗa ƙarar dubban mahaƙa da magadansu ta zama guda. A watan Mayu na 2018 manyan kamfanoni shida suka yarda da sulhu na kimanin Rand biliyan biyar, kotu ta tabbatar da shi a watan Yuli na 2019, aka kafa asusun amana mai suna Tshiamiso, kalmar Setswana mai nufin gyara abin da ya ɓaci. Sulhun ya shafi waɗanda suka yi aiki tun daga 1965, kuma abin da aka yanka wa mai silikosis a lokacin sulhun ya kama daga Rand 70,000 zuwa 250,000 gwargwadon tsananin ciwo, har 500,000 ga wanda abin ya fi yi wa muni. Duk da haka aikin biyan ya gamu da tsohuwar matsalar nan: takardun aiki sun ɓace ko ba a rubuta su daidai ba tun asali, mutane sun warwatsu cikin ƙasashe da yawa, wasu kuma sun mutu an rubuta tarin fuka kawai a takardar mutuwarsu, ko ba a rubuta kome ba.

Cutar a wasu sana'o'i

Kada a ɗauka abin ya tsaya ga haƙar zinariya. A Amurka, cikin 1930 da 1931, an haƙa wata hanyar ruwa ta ƙarƙashin dutse a Hawks Nest ta jihar West Virginia, cikin dutsen da kusan dukansa silika ne, kuma a bushe. Yawancin leburorin baƙar fata ne 'yan ci-rani daga kudancin ƙasar. Alƙaluman da aka gabatar wa majalisar dokoki sun ce mutum 476 ne suka mutu, wani likita da ya sake bin tarihin daga baya kuma ya ƙiyasta aƙalla 764. A Turkiyya samari masu fesa yashi a kan wandunan jins domin su koɗe sun kamu da nau'in mai tsanani, har gwamnati ta hana wannan aiki a 2009. A Ostareliya kuwa wani dutsen haɗi da ake yin teburan kicin da shi, wanda silikar cikinsa takan wuce kashi 90 cikin ɗari, ya nakasa matasan masu yanka shi, ƙasar ta haramta shi daga ranar 1 ga Yuli 2024. A kowane wuri sabon inji ko sabon kaya ne ya shigo, ƙura ta ƙaru, aka yi shekaru ba a ƙidaya majiyyata ba.

Nijeriya ma tana da nata rabon. A shekarar 2010 aka gano gubar dalma ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Zamfara, sakamakon niƙa dutsen zinariya a bushe da injin niƙan hatsi, wani lokaci ma a cikin gidaje. Dalma ce ta ja hankalin duniya saboda tana kisa da sauri, amma dutsen da ake niƙawa mai ƙanƙara ne, kuma ƙurar da ta ɗauko dalmar ta ɗauko silika tare. Haka nan masu fasa dutse a wuraren yin tsakuwa, da masu yanka tayil da kankare a wuraren gini, da masu haƙar rijiya cikin dutse, duk suna cikin wannan haɗari. Ƙasar tana da dokar masana'antu, tana kuma da dokar diyyar ma'aikata ta 2010, sai dai galibin waɗannan mutane leburorin yini ne da ba su cikin rajistar kowa, daidai da matsayin da ɗan ci-ranin Lesotho ya sami kansa a ciki.

Hanyoyin rigakafi

Tun da tabon huhu ba ya gogewa, abin da likita yake iya yi shi ne rage wahala: maganin tarin fuka idan ta shigo, allurar rigakafin ciwon huhu, barin taba, iskar taimakon numfashi, da dashen huhu ga 'yan ƙalilan a ƙasashe masu hali. Saboda haka dukan nauyin yana kan rigakafi, kuma masana sun jera matakansa bisa ga ƙarfinsu.

Mafi ƙarfi shi ne a kawar da silikar gaba ɗaya inda zai yiwu, kamar a daina goge ƙarfe da feshin yashi a koma ga wani abu. Na biye shi ne a hana ƙura tashi daga tushenta, ta hanyar huda da yanka da niƙa da ruwa, da rufe injin niƙa, da sa bututun da ke zuƙe ƙura a daidai inda take fita. Sai tsarin aiki: a jira ƙura ta kwanta bayan nakiya, a share wuri da ruwa maimakon tsintsiya, a nisanta wurin niƙa daga gidaje, a bar kayan aiki a wurin aiki. Takunkumi shi ne na ƙarshe, domin sai ya kasance irin wanda aka yi musamman don tace ƙura mai laushi, ya kuma zauna daram a fuska. Ƙyalle ko rawanin da aka naɗe hanci da shi yana tare ƙurar da ake gani ne kawai. Wani gwaji da aka yi tare da ƙananan mahaƙa a arewacin Nijeriya, wanda aka buga a 2019, ya nuna feshin ruwa mai sauƙin kuɗi ya rage ƙurar silika da kimanin kashi 80 cikin ɗari.

Bayan wannan akwai aikin hukuma, wanda ya ƙunshi auna ƙura da ajiye rubutu. Amurka, alal misali, ta ƙayyade a 2016 cewa silikar da ke cikin mita ɗaya ta iska, tsawo da faɗi da zurfi, kada ta wuce maikurogiram 50 a matsakaicin aikin sa'a takwas. Amma ƙa'ida ba ta aiki sai da sufeto mai na'ura da ikon rufe wuri. Haka kuma wajibi ne a rubuta sunan kowane ma'aikaci, da irin aikinsa, da shekarunsa a ciki, a ɗauki hoton ƙirjinsa lokacin shiga da lokacin fita, a ci gaba da dubansa bayan ya bar aiki, a kuma ajiye takardun shekaru masu yawa a inda rushewar kamfani ba za ta shafe su ba.

Kammalawa

A shekarar 1995 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya da Hukumar Lafiya ta Duniya suka ƙaddamar da shirin kawar da silikosis, suka sa 2030 ta zama wa'adi. Tarihin Afirka ta Kudu ya nuna abin da zai iya hana cika wannan alkawari. Ƙasar ta riga kowa yi wa cutar dokar diyya, ta tara ƙwararrun likitocinta, amma duk da haka dubban ɗaruruwan mutane sun shaƙi ƙurar ramukanta ba tare da an bi sawunsu ba, saboda an tsara aikin yadda ciwon zai bayyana a wurin da babu mai ƙidaya shi. Ɗalibin likitanci da zai tambayi mai tari wane aiki ya yi, da injiniyan da zai sa bututun ruwa cikin tsarin injin tun farko, da ma'aikacin gwamnati da zai ƙi sa hannu a lasisin wurin fasa dutse sai ya ga rajistar leburori, kowannensu yana toshe wata kafa da alhaki yake bi ya ɓace. Wanda ya shiga aikin dutse yana ɗan shekara 20 a bana, sai wajen shekara 35 ko 40 huhunsa zai nuna ko an yi wannan aiki ko ba a yi ba.